Waken Gizon Kawu Idi

Shekara tara ke nan da rasuwar kawuna Malam Idi, ƙanin mahaifiyata. Na so in rubuta addu'a da ɗan yabo kamar yadda na saba, amma abin da na gani a gonarsa makon jiya ya tsaya mini a rai.

A gefen gonar, can ƙauyenmu da ke kan hanyar Zango, akwai wani ɗan kurmi na sabara da geza da kalgo wanda Kawu bai taɓa bari gatari ya shiga ba. Mutane suna yi masa tsiya, wai ya keɓe wa macizai unguwa. Shi kuwa waken gizo yake tsaro, wannan waken daji da ba mai shuka shi. Ganyensa uku-uku ne irin na wake, sai dai sirara. Ba ya iya tsayuwa da kansa, sai ya sami reshen da zai naɗe ya hau, kuma a gindin itace yake so, inda ganye ya ruɓe, ƙasa ta yi sanyi. Furensa shuɗi-shuɗi yakan buɗe da safe, kafin azahar ya rufe. In kaka ta yi, kwanson ya bushe ya fashe, ka ji ƙas, 'ya'yan sun watsu. Kawu yakan tsai da mu a tsakiyar hira don mu saurara. Ganyen kuma ragunansa yake yagar wa kaɗan, ba ya tumɓukewa.

Da na isa gonar, wallahi sai da na ɗauka na ɓata hanya. Fili fetal. Ba sabara, ba geza, sai kututture da ciyawa da ta ƙone ta yi ja.

Sani, babban ɗan Kawu kuma taubashina, shi ke noma gonar yanzu. Na ce masa, "Kai Sani, wa ya yi wannan ɓarna?"

Ya yi dariya, yana zaton wasan da muka saba ne. "Haba Yaya, ba kai ka aiko mini da injin feshi da maganin ciyawa daga Daura ba? Na sare itacen, na bi da feshi. Ka ga kunya nawa na ƙara?"

Ni na aika, bara, da niyyar taimako. Ban taɓa tambayar inda za a fesa ba.

Me Kawu zai ce? Na san ba zai zagi Sani ba, don bakin da Sani yake ciyarwa ya fi goma. Ni zai kalla, ni da na sha zama kusa da shi ina sauraron fashewar kwanso.

Na zaga gonakin maƙwabta har uku, ban ga ko ganye ɗaya na waken gizo ba, kowa ya yi feshi. Da la'asar na shiga maƙabarta in yi wa Kawu addu'a. A jikin shingen ƙaya, taku kaɗan daga kabarinsa, sai ga waken ya naɗe ya hau, kwansonsa ya fara baƙi. A duk ƙauyen, nan ne kaɗai ba a sara, ba a feshi.

Kawu bai bar gini ba, bai bar suna a gari ba. Ɗan kurmi ya bari, mu kuma muka kasa riƙe shi shekara tara. Allah ya jiƙansa. Na gama addu'a ban tashi ba, ina durƙushe, har na ji ƙas.