Bindigar Kafilina a Tazugen Wandona

"Riƙe min, zan yi alwala," in ji kafilina, Balaraben da nake yi wa aiki, jiya a garin Ammariyya, ya miƙo min ƙaramar bindigarsa ba kube. Ni direbansa ne, sitiyari kawai na sani. Don kada 'yan sanda su hango ni da makami, na soke ta a tazugen wando.

Yana dawowa ya zaro ido.

"Ya Haruna, kar ka motsa! A ɗane take, harsashi na baki."

Na duba inda bakinta ya saita. Ga ni sabon ango.

"Ya ammi, sai yanzu kake faɗa?" na ce masa, don haka nake kiransa, wato kawu.

Ya zare ta a hankali, yatsansa nesa da kunama, ni ko ina ta salati.

Halas, shi ke nan, zuri'ata ta tsira. Da ku ne, jama'a, ina za ku ɓoye ta?