Zoben Alhaji da Fankar Kifaye

Mu huɗu ne a gidan ranar, kuma ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, wannan yinin ba zai tafi da shi ba. Akwai ni. Akwai Alhaji, maigidana, kwance a gadonsa na ƙarfe. Akwai ɗanmu na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Sai autarmu, mai gyaran kwamfutoci a wani shago cikin gari. In da kifaye za a lissafa, to su ma suna nan cikin akwatinsu na gilashi, su ne ma suka tara mu.

Alhaji falken banda ne tun yana saurayi. Daga bakin tafki yake ɗauko ta buhu-buhu, har gidanmu na unguwar Marjandafak a Injamena ya riƙe warin hayaƙin kifi a bango. Mutum ne mai tsokana. Tun farkon aurenmu ya laƙaba mini suna Kumandan, wai duk gidan a ƙarƙashin odata yake, har da shi. Ban taɓa amsa sunan ba, shi kuma bai taɓa dainawa ba. Bayan yara sun gina mana gida a unguwar Atron mun koma, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya tafi da harshe. Gidan ya yi tsit.

Abin da ya rage mana shi ne zoben azurfa a hannunsa na hagu. Idan yana son ruwa, ko juyi, ko buta, sai ya ƙwanƙwasa zoben a ƙarfen gado. Bugun ba shi da ƙarfi, kamar kaza na tsattsagar tire, amma ina jin sa daga ƙarƙashin rumfar ƙofar madafa inda nake yini. Ban yi boko ba, ban san karatun takardar likita ba, amma kunnena na nan, shi na sa a aiki.

Babban yaron ne ya kawo akwatin kifin. Da na ga ana shigo da shi na ce, "Mutumin da ya sayar da kifi mota-mota, yau shi ake kawo wa 'yan tsaki da ba su cika ludayi ba? Miyar wa za a yi da su?"

Ya ce, "Inna, ba na ci ba ne, na kallo ne."

Na ce to a kalla. Na kuma faɗa musu ƙarara cewa ba ni ba hidimar kifi, wanda ya kawo shi ya ji da abinsa.

Sai ga Alhaji ya kafa musu ido. Kafinta ya yi wa akwatin murfin katako, aka sa doguwar fitila a ciki, ruwan ya haskaka, 'yan kifayen ja da ruwan ɗorawa suna ta kai da kawo cikin ciyayi. Mutumin da sai na yi faɗa kafin ya sha kunu, sai ga shi yana buɗe baki da kansa muddin fuskarsa na wajen gilashin. Na dai matsar da kujerata ta daina tare masa.

Haka muka ci sanyi lafiya, har bazara ta shigo. Wanda ya san zafin Injamena kafin ruwa ya sauka ya san abin da nake nufi, ga Atron ba itatuwa, ga rufin kwano. Murfin nan ya riƙa ɗaukar zafi har ba ka iya barin tafin hannu a kai. Fitila na gasa ruwa daga sama, ɗaki na gasa shi daga gefe. Kifayen suka taso saman ruwa suna hangame baki. In an kashe fitilar kuma, idon Alhaji ya yi rauni, ba ya ganin komai sai duhun gilashi. Sai yaron ya sayo wata 'yar fanka, ya huda murfin, ya ɗaure ta da ƙusoshi. Ruwa ya yi sanyi kam. Amma ƙararta kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani, ba dare ba rana.

Wata azahar ina tsintar shinkafa sai na ji shirun zoben ya yi mini yawa. Na shiga ba tare da an kira ni ba. Na tarar ya zame daga matashi, kansa ya karkata gefen gado, kofin ruwa a ƙasa, leɓensa a bushe. Yatsan da ke da zoben ya kumbura, fatar ta saɓule saboda bugu. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake kirana. Na gyara shi, na ba shi ruwa, sannan na kama wayar fankar na fizge ta. Ko yau aka maimaita, haka zan yi.

Ba a jima ba ɗaya daga cikin kifayen ya taso ciki sama. Alhaji ya ga lokacin da aka tsame shi. Ya juya fuska bango, ya damƙe baki. Na kawo kunu ya ƙi, na kawo romo ya ƙi. Sai na ga an sa ni a tsakiya. In fanka ta yi aiki ba na jin kiransa, in ta tsaya kifaye za su ƙare, shi kuma ya bi su da yunwa. Na aika wa yaran cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ina neman su.

Babban ya zo da shawarar ƙararrawa. Na ce hannun da ba ya riƙe cokali ne zai kaɗa ƙararrawa? Na ce kuma ba zoben kaɗai nake saurare ba, har tarinsa da yadda yake sauke numfashi. Auta kuwa da jaka ta zo. Ta zazzage ta a tabarma, sai ga fankoki baƙaƙe, manya da ƙanana, duk daga cikin matattun kwamfutoci ta ciro su.

Ta ce, "Inna, ke za ki zaɓa. Ni dai nawa haɗawa."

Na ce, "To ga sharaɗina. Zan koma mazaunina a rumfa, ƙofa a yadda take kullum. Ku kunna. Alhaji ya buga yadda ya saba. In na ji, fanka ta zauna. In ban ji ba, ta bi 'yar'uwarta."

Aka fara da wata ƙarama, don ita ce daidai da ramin da ke murfin. Ina zama na ji zuginta ya cika tsakar gida. Sai kuma na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar maƙeri a bakin aiki. Na tashi na shiga. Alhaji ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa yana dukan gadon da hannu gaba ɗaya, gumi a goshinsa, yana satar kallona ta wutsiyar ido. Babban yaron ya toshe baki da hula yana dariya.

Na ce, "Alhaji, ni za ka yi wa wayo? Wannan ai bugun mai belin kifi ne."

Rabin bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. Rabon da in ga haka tun kafin kifin ya mutu.

Na ce, "Yau kana da ƙarfi. Ranar da babu, da me za ka buga?"

Dariyar ta tsaya. Auta ta kwance ƙaramar fankar.

Ta ɗauko manya guda biyu, kowace ta kai faɗin tafin hannun namiji. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ƙarama sai ta yi gudun tsiya kafin ta tura iska, shi ya sa take ihu. Babba kuwa ko a hankali ta juya, iskar da za ta tura ta isa. Za ta sa ɗaya a wannan gefen murfin tana shigo da iska, ɗaya a wancan gefen tana fitar da zafin fitila, iskar ta bi ta saman ruwa ta wuce. Yayanta ya ce manyan za su ɓata kyan katakon.

Ta ce, "Yaya, kifin da ke ciki bai taɓa ganin bayan murfin ba."

Ya ɗauko zarto da kansa, suka fita da murfin tsakar gida suka faɗaɗa ramuka.

Gwaji na biyu ihun ya tafi, amma sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, irin na mota da aka bari a kunne a ƙofar gida. Na ji zoben, amma kamar daga cikin rijiya. Na ce bai yi ba. Auta ta ɗora hannu a murfin ta ce katakon ne ke rawa, ƙusa na ɗaukar karkarwar fanka tana ba shi, sai an raba su da roba. Ta duba nan, ta duba can, sai idonta ya sauka a ƙafata.

"Inna, ara mini silifarki."

"Aro ko yanka?"

"Aron da ba a mayarwa."

Na cire na ba ta. Ta yanyanka ta ƙanana, ta sa a kowace kusurwa tsakanin fanka da katako.

Sai maganar wuta. Yaron ya ce a soka a bango kawai. Auta ta ce kuran ɗin garin nan, wato lantarki, lokacin da rana ta fi ƙuna yake ɗaukewa. Tunda fitilar a batirin sola take, su ma fankokin a can za su sha, in fitila ta kama su kama tare, kada a wayi gari fitila na ci fanka na barci. Ta kuma sa wani ɗan maɓalli mai juyawa kamar na tsohon rediyo, wanda ke rage musu wuta su lafa. Ni dai ina tsaye a kanta. Duk inda na ga jan ƙarfen waya ya leƙo sai in nuna da yatsa, don na san ruwa da wuta ba sa shiri, kuma a kusa da kan mijina za su kwana. Ta naɗe kowane haɗi da baƙin tef, ta fitar da su wajen murfin inda tururi ba ya kaiwa, ta bar wayar ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa batir, don ko ɗigo ya biyo ta ya faɗi a ƙasa.

Ta ce, "Kalas, an gama, Inna. Je ki zauna."

La'asar ta yi sanyi lokacin. Na zauna da silifa ɗaya a ƙafa. Na ji kajin maƙwabta. Na ji babur ya wuce a layi. Ban ji fanka ba, har na buɗe baki zan ce su kunna mana, sai na hango hasken fitilar a labule. Na kasa kunne ina jiran zoben. Shiru. Na ji ya ja numfashi ya sauke, na ji ya sake ja, dogo, kamar mai shirin ɗaga kaya. Na dafa ƙasa zan tashi.

Sai na ji murya, a shaƙe, a karye, kamar ana jan ta da igiya.

"Ku... man... dan."

Ban san yadda na kai bakin gadon ba. Yaron na tsaye da zarto a hannu kamar an dasa shi. Auta ta rufe fuska da gyale. Daga baya ta ce mini ta jima tana ganin leɓensa na motsi idan yana kallon kifayen, ta ɗauka tasbihi yake. Ashe koyon kirana yake, da muryar da ko ƙarar ƙaramar fanka ta fi ƙarfinta.

Sunan da na ƙi amsawa tun ina amarya, ranar na amsa shi. Na ce, "Na'am, Alhaji." Sai na ga yara na kallo, don haka na ƙara da cewa, "Zobe aka ce ka buga, ba a ce ka cika mu da surutu ba." Na juya wajen akwatin kamar ina duba aikin Auta. Kifayen sun sauka ƙasa suna yawo cikin ciyayinsu. Da na kawo kunu, ya shanye.

Kafin su tafi Auta ta ja kunnen yayanta. Ta ce iskar nan da ke sanyaya ruwa shan sa take yi, kullum zai ragu, sai an riƙa cikawa. Kuma ba na famfo kai tsaye ba, sai wanda ya kwana ya huce, a zuba a hankali. Ta manna ɗan tef a jikin gilashin, ta ce nan ne iyaka. Ya ce zai riƙa biyowa kafin ya tafi kasuwa. Na san nisan gidansa, na san safiyarsa.

Allah ya karɓi Alhaji daga baya, kuma kalmomin da suka dawo masa ba su da yawa. Amma abin da yinin nan ya koya mini na riƙe shi. Mai rauni ba ya daina kira, mu ne ke cika gida da ƙara har mu daina ji. Ba shi za a ce ya ɗaga murya ba, mu za mu rage tamu. Kuma abin da ke riƙe ran mutum, ko a idonka wasan yara ne, in kana son mutumin to hidimar abin ta hau kanka.

Washegari bayan na idar da sallar asuba, na ɗauki kwanon sha na nufi randata ginin ƙauyen Gawi, wadda ba na bari kowa ya tsoma hannu a ciki. Na ɗebo ruwan da ya kwana. Na ɗaga murfin, na ji katakon da sanyi, fankokin na juyawa ba ko motsin sauti. Na tara tafin hannuna a jikin gilashin na riƙa zubawa a kai kaɗan-kaɗan don kada su firgita, har ruwan ya taɓa tef ɗin Auta. Na barbaɗa musu abincinsu. Da na waiwaya, idon Alhaji biyu, yana kallona, rabin bakin nan ya ɗaga.

Na ce, "Kada ka faɗa wa yara."

Ya ɗaga yatsa, ya taɓa zoben a ƙarfen gado sau ɗaya, a hankali. Na ji.