Ranar da Ƙasa Ta Haɗiye Butata

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Alƙahira, saura kaɗan in maimaita shekara sukutum saboda rami. Ba faɗawa na yi ciki ba, nemansa na yi na rasa.

Ilimin duwatsu nake karantawa. Duk sanda na kira gida sai mahaifiyata ta ce, "'Ya'yan mutane na zuwa Masar su dawo da Alƙur'ani a ka, ke kin je kina sansanar tsakuwa." Amma ita ce ta cusa min koriyar buta a akwati ranar da zan taho, wai ba ta yarda da famfon ƙasar mutane ba. Ko'ina na je da ita nake zuwa.

Ni kuwa raina ya tafi ga farin dutsen tsaunukan kudu da birnin. Ruwa na cinsa a hankali ta ciki, kamar sukari a ƙasan kofin shayi, har ya bar kogo ƙarƙashin ƙasar da ido ke gani lafiya lau. Mutanen zamanin da kuma sun haƙa dogayen ramuka cikin tsaunin suna yanko dutsen gini. Binciken kammala karatuna na cewa inda kogon ruwa ya hau kan ramin mahaƙa, nan ƙasa ta fi saurin ruftawa.

Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ture takardun gefe. "Rubutu mai daɗi, ya binti, 'yata, kamar waƙa. Amma ina ramin? Ki kawo min sabo guda ɗaya a saman tsohuwar mahaƙa, da awo da hoto, nan da mako biyu. In babu, ki canza batu." Canza batu kuwa na nufin 'yan ajinmu su tafi gida su bar ni.

Sau uku ina tashi daga unguwarmu Dokki da sassafe, in hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in hau ƙaramar bas, in wuni ina zagaye, in dawo da ƙura a gira. Saura kwana huɗu aka yi ruwan sama, irin wanda Alƙahira ba ta cika gani ba. Ina tsaye a taga ina jin kamar don ni aka aiko shi, don bayan ruwa ne irin wannan ƙasa ke ruftawa. Na kira ƙawata, Bazindiriya mai karatun Shari'a a unguwar Darrasa, na roƙe ta ta raka ni.

"Ni da ranar hutuna in bi ki neman rami? Malama Tsakuwa, Allah ya shirye ki. Yalla, ina zuwa."

Mai gadin tsohuwar mahaƙar wani dattijo ne da ya tsufa a yankan dutse. Ba ya taku sai da sandar ƙarfe. Ya doki ƙasa, ya karkata kai ya saurara, sannan ya ɗaga ƙafa. Ni da taswirata da na'urar awo, kallon al'adar tsofaffi nake yi wa abin. Ya ce mu taka inda ya taka kawai, muka ce tamam, mun ji.

Azahar ta yi, ya koma rumfarsa can nesa don ya ɗauko sallaya. Mu kuwa muka hango wani ɗan kwari, zagayayye kamar faifai, da ɗanyar ciyawa shar a tsakiyar wannan farin fako. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san me ido ke gaya masa in ya ga haka: fadama, sanyi, wurin hutawa. Ko shawara ba mu yi ba muka gangara. Shekara huɗu ina karanta cewa a irin wannan dutse ciyawa na taruwa ne inda ruwa ke zurarewa ƙasa, amma ranar ƙafafuna na 'yar ƙauye ne suka yi jagora.

Ƙawata ta karɓi butata, ta tsuguna ta fara alwala. Ruwan bai kwanta ba, bai bazu ba. Ya bi wata 'yar tsaga ya ɓace, muka ji ƙululu can ƙasa, kamar ana ɗura tulu.

"Ke, kin ji?" na ce. "Ƙara zubawa!"

"Alwala nake yi ko ban ruwa?"

Na karɓe butar na tuttule rabinta, na kara kunne a ƙasa ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Iska mai sanyi ta huro min a kunci.

Sai muryar dattijon daga bakin kwarin, ba ihu, amma ta ratsa ni har ƙashi. "Ya banat, 'yan mata, kada wadda ta yi gudu. Ku ajiye komai. Ɗaya bayan ɗaya."

Ya miƙo sandar ya doki ƙasa kusa da shi: ƙwal, ƙwal. Ya ƙara miƙawa wajenmu ya doka: dum, dum, sak ganga. Ashe a kan fatar ganga muka zauna. Ya riƙa dokawa yana nuna mana inda za mu sa ƙafa. Ƙawata na gaba, tana jero duk addu'ar da ta haddace, tsakanin kowace biyu tana cewa, "Wallahi in muka fita sai na kashe ki."

Mun taka dutse mai ƙarfi ke nan, ciyawar ta fara lotsawa. A hankali, ba ƙara, kamar ƙasa ta ja dogon numfashi. Tsakiyar ta burma, butata ta yi juyi ɗaya ta tafi. Mun daɗe kafin mu ji saukarta.

Ƙawata ta zube tana salati. Ni kuwa, Allah ya yafe min, tsalle nake ina tafi, hawaye na zuba. "Ramina! Ammu, Baffa, ramina ne!"

Dattijon ya dube ni ya girgiza kai. "Ma'alish," ya ce wa ƙawata, wato ta yi haƙuri, "masu karatu haka suke."

Shi ya ɗaura min igiya a ƙugu na auna bakin ramin ina rub da ciki. Da ƙura ta lafa, hasken tocila ya nuna bango mai layi-layi a can ƙasa, sawun gatarin mahaƙa. Ruwanmu ya tafi da buta, don haka ƙawata ta ba da fatawa muka yi taimama a kan farin dutse. Ban taɓa sallar da na ji ƙasa a goshina kamar ta ranar ba.

Washegari malamina da kansa ya zo ya leƙa. Ya ɗago ya ce, "Khalas, shi ke nan. Rubuta."

Har yau in na shiga sabon wuri, sai na sami kaina ina dokan ƙasa da dunduniya ina saurare. Taswira na gaya min inda rami zai iya kasancewa. Kunnen dattijon nan ne ya san inda yake. Kuma na daina yarda da duk wani kore don kawai ya yi kama da gida.

Ranar da sakamako ya fito na kira mahaifiyata, na kwashe labarin kaf na ba ta, da ganga, da igiya, da komai.

"To, alhamdulillahi," ta ce. "Butar tawa fa?"