Shaidar ƙahon da ta kai mu gaban Turawa

Shekarun baya kaɗan, ina tsakiyar lodin kaya a sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, ƙanwata ta kira ni daga Ingila tana kuka. Da ƙyar na tsinci maganarta: "Yaya, za su ƙwace mini 'yata!"

Ita da mijinta suna wani ƙaramin gari ne a bakin teku. 'Yarta tana wata sabuwar sakandare ta gwamnati da wata ƙungiya ke ɗaukar nauyinta, gini duk gilashi, yara cikin kwat kamar ma'aikatan banki. Ni har hoton nake nuna wa abokan aiki ina hura hanci, sai ka ce ni na gina.

Abin da ya faru, sun zo mana hutu unguwarmu ta Ammariyya a nan Jidda, yarinyar tana ta fama da ciwon kai, mahaifiyata ta yi mata ƙaho a kafaɗu, irin wanda duk aka yi mana muka girma. Suna komawa aka buɗe makaranta. Wajen sauya kayan motsa jiki malama ta ga shaidar, zagaye-zagaye da 'yan tsage. Nan take aka kira ma'aikatan kula da yara.

Ƙanwata ta yi bayani cewa magani ne, kakar yarinyar ce ta yi. Aka tambayi yarinya, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba Kaka ba ce." To wa ya yi? Ta ce ba ta sani ba. Sai zargi ya koma kan iyayen. Aka ce idan ba a gano gaskiya ba, yarinyar ba za ta ci gaba da kwana gidan ba.

Ni ina jin haka na gane. Tun rasuwar mahaifinmu iƙamar mahaifiyata, wato takardar izinin zamanta a Saudiyya, ta mutu, ba kafilin da zai tsaya mata, ko jiniya ta ji sai ta shige ɗaki. Kowane yaro a gidanmu ya haddace cewa in hukuma ta tambaya, ba ka san kowa ba. Ashe yarinyar ta kwashi karatun ta tafi da shi. A wajenta hukuma duk ɗaya ce.

Na ajiye aiki na nufi gida. Ƙanwata ta ce sun yarda a yi magana ta bidiyo, amma da wadda ta yi ƙahon.

"Hajiya, sai kin fito sun gan ki," na ce.

Ta ɗago ta kalle ni. "Hukuma ce?"

"Ta can ce, Hajiya. Babu ruwansu da nan."

"Hmm. Ai bakinsu ɗaya." Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Wallahi na zaci shi ke nan. Na tsaya bakin ƙofa ina roƙo kamar yaro, waya na ta ruri a hannuna.

Can sai ga ta da abayarta ta zuwa Harami. Ta zauna ta ce, "Yalla, kunna."

Mata biyu Turawa suka bayyana, ga tafinta, ga yarinyar a gefe cikin kwat ɗinta, ido ya kumbura. Na so in gwada Turancina na bakin tasha, na yi kalma uku ya ƙare, tafinta ya karɓe ni.

Mahaifiyata ba ta jira tambaya ba. Ta ɗaga kofunan ƙahon ta ce, "Ni na yi, da hannun nan. Uwarta ma na yi mata tana ƙarama." Sannan ta dubi jikarta. "Ke 'yar nan, faɗa musu. Na yafe miki, faɗa."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Kaka, za su kama ki!"

"Su kama. Ke dai ki koma wajen uwarki."

Da tafinta ya juya maganar, ɗaya Baturiyar ta cire tabarau. Suka yi tambayoyi masu yawa, daga baya likita ya duba ya tabbatar. Aka ja kunnen ƙanwata kada a sake, yarinya ta zauna gidan iyayenta. Da farko na ji haushin makarantar sosai, amma yanzu na san aikinsu suka yi. Da ni na ga bayan ɗan wani haka, ban san ƙaho ba, ai sai na yi ihu.

Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne bayan an kashe wayar. Na ce, "Halas, Hajiya, an gama." Ba ta cire abayar ba. Ta nuna mini ƙofar ɗakinta, na leƙa, sai ga jakarta a ɗaure, da magungunanta da carbi a kai.

Ta ce, "In sun zo, kada ka yi musu gardama. Ka dai ce su bar ni in yi La'asar."