Bar Ta Ta Huce

A gidanmu na Toranke, wutar Inna ce take riga kowace wuta kamawa, ita ce kuma ta ƙarshen mutuwa. Inna kakata ce, mahaifiyar Babanmu, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyada. Idan ta sauke kaskon suya bayan magariba ba ta yarda a kashe garwashin, sai ta watsa masa ɓawon gyada ya riƙa ci a hankali, mu kuma jikoki mu jawo tabarmi mu kewaye shi, kowa da ɗan guntun ƙuli mai zafi yana juya shi daga wannan hannu zuwa wancan. Har yau in na ji ƙamshin gyada tana soyuwa, sai in ji kamar za a ce in matsa in ba ƙanena wuri.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara, Baba kuma yake kirana Uwata, don bakinsa ba zai iya faɗin sunan mahaifiyarsa ba. Ita ma nata bakin bai taɓa faɗin nasa ba. Baba ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari har abin ya so ya wuce misali. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya durƙusa gaishe ta da safe murhu take kallo ta amsa. In tana da saƙo gare shi, ko yana tsaye a gabanta, ni za ta juyo ta ce wa, "Takwara, ce wa mai motar nan katanga ta fara zuba." Muna yara abin dariya yake ba mu. Na taɓa tambayarta ko ta manta sunan ne in tuna mata, ta bi ni da muciya har zaure. Sai da na yi wayo na lura cewa ƙulin da ya fi kowanne soyuwa shi take warewa a ƙaramin kwano, ta ce in kai wa mai mota, kuma kada in kuskura in ce daga ita ne.

Motar kuwa wata tsohuwar a-kori-kura ce, da ita Baba yake ɗibar buhunan gyada da gero zuwa kasuwar Ajingi. Inna jakin ƙarfe take ce mata. Da dare in muna bakin wuta, Baba yakan zauna can nesa kan wani tsohon turmi, yana goge wani ƙarfe ko yana ɗinke tanfol, wai shi aiki yake yi. Amma na sha ganin hannunsa ya tsaya cak in tatsuniya ta kai wurin da take da daɗi.

Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Sai ta gyara zama, ta tura wuta da kara, ta ce, "Ga baƙuwa nan ta sauka, wa zai ba ta masauki?" Mu haɗa baki mu ce mu ne. Tana da tatsuniyoyi ba iyaka, amma wadda ta fi maimaitawa, wadda ni kuma na fi ƙi, ita ce ta tukunya mai baki.

Wai wata tsohuwa ce take zaune da jikarta, ba su da komai a duniya sai tukunyar ƙasa guda, gadon kaka da kakanni. Tukunyar tana magana, kuma ko cikin tafin hannu na gero aka zuba mata, sai ya ishi gidan har a miƙa wa maƙwabta. Sharaɗinta ɗaya ne, in ta sauka daga wuta a bar ta ta huce kafin ruwa ya taɓa ta. Yarinyar tana son tukunyar nan kamar ranta, ita take wanke ta, ita take hira da ita. Ran nan tsohuwa ta tafi barka, yarinya ta ɗora girki, ta ji ana gaɗa a waje, ta ce bari ta leƙa ta dawo. Kafin ta dawo ruwa ya ƙone ƙurmus, tukunya ta yi jawur tana nishi. Yarinya ta ruɗe, ta sauke ta, ta ruga ta ɗebo ruwan randa mai sanyi. A nan Inna take rage murya, ta rera waƙar tukunyar tana kaɗa kai:

"Bar ni in huce, 'yar gidana, bar ni in huce,
Wuta ta san ni, ruwa ne baƙona."

Yarinya ta ce ita ba za ta iya tsayawa tana kallon tukunyarta tana ƙonewa ba, ta sheƙa mata ruwan. Daidai nan Inna take karya karan da ke hannunta, ƙas, duk mu zabura, ko da mun san zuwansa. Tukunya ta rabe biyu, ba ta sake magana ba har abada. Sai Inna ta jefa karan a wuta ta ce baƙuwa ta tafi, wanda ya riƙe wani abu nata nasa ne.

Ni dai kullum sai na yi musu. Nakan ce yarinyar nan sakarya ce, an gaya mata da baki, an gaya mata da waƙa, me kuma take so? Inna takan bar ni in gama zuba, sannan ta ce, "Ba sakarci ba ne, Takwara. So ne ya yi mata yawa, haƙuri ya yi mata kaɗan. Allah ya sa kada ki san bambancin." Ban fahimce ta ba, kuma ban damu in fahimta ba, barci nake ji.

Na zama budurwa, na gama sakandare, a shekarar da fambel ɗin motar Baba ya fara kuka. Fambel wata 'yar igiyar roba ce baƙa, ba ta kai ɗamarar yaro kauri ba, amma ita take juya fanka da abin da ke zagaya ruwa cikin inji don kada ya yi zafi. Duk safiya in Baba ya tayar da mota sai ka ji wani tsiii mai shiga haƙori. Makaniken da yake kai wa a Ajingi ya duba ya ce ya tsattsage, a canza shi. Baba ya ce to, bari a gama kwasar gyada, don lokacin kaka ne, mota ba ta wuni a gida. Ita kanta Inna sai da ta ce in gaya wa mai mota jakinsa yana kuka. Ya yi dariya ya ce in ce mata tsufa ne.

Wata rana da hantsi, kafin Baba ya fita, Inna ta faɗi a gefen kasko. Na same ta ta dafe ƙirji, numfashinta yana fita da ƙyar, leɓenta ya canza launi. Ma'aikacin lafiya na garinmu ya duba ta ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai ta asibitin Gaya yanzu yanzu. Muka sa ta a gidan gaba, ni a bakin ƙofa, kanta a kafaɗata, Baba ya ja mota ko takalmi bai tsaya nema ba.

Mun wuce Ajingi mun miƙi hanyar Gaya sai muka ji wani abu ya yi fat a gaba, kukan nan ya ɗauke, warin roba ya shigo mana. Wata jar fitila ta kama a gaban Baba, allurar zafi ta fara hawa. Baba direba ne na shekara da shekaru, ya san abin da ya faru, ya kuma san abin da ake yi, a tsaya. Na ga ya dubi allurar, ya dubi Inna, ya ƙara taka mai. Ba zan ce ya yi daidai ba, amma da ni ce a kujerarsa ban san ko zan iya ɗaga ƙafata ba. Muka yi ta tafiya allura tana hawa har ta ƙure, inji ya fara wani ƙas-ƙas, ƙarfinsa ya ragu, tururi ya turnuƙe gilashi. Motar ta mutu da kanta a bakin wani ɗan ƙauye, kusa da wata tsamiya.

Rana ta take, maza duk suna gona suna cirar gyada, hanya wayam. Baba ya buɗe bonet yana kiran a taimaka da ruwa. Wata dattijuwa ta fito daga gidan da ke kusa, ta ga halin da muke ciki, ta koma da gudu. Akwai jarkoki a ƙofar gidanta cikin rana, na gan su da idona, amma ta wuce su. Mu baƙi ne, ga mara lafiya, ba za ta kawo mana ruwan da rana ta dafa ba. Ta kwashe ruwan randarta kaf ta cika bokiti, mai sanyi kamar na ƙanƙara. Allah ya saka mata da alheri, ban taɓa riƙe ta a zuciya ba.

Baba ya naɗe hannu da hularsa ya murɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan inji, tururi ya yi tsartuwa ya ƙone masa dantse, ko a jikinsa. Ya ɗaga bokitin. Sai na ji Inna ta motsa a kafaɗata. Ta buɗe ido tana kallon gaba ta ƙarƙashin bonet ɗin, ta ce da wata 'yar siririyar murya:

"Sule. Bar ta ta huce."

Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Kafin in tattara hankalina in ɗaga murya, Baba ya juye ruwan gaba ɗaya. Ƙarar da ta biyo baya ba babba ba ce, kamar an karya kara ne. Ruwa ya fara zuba ta ƙasa yana haɗe da baƙin mai. Baba ya shigo ya murɗa mukulli, ya sake murɗawa, ya yi ta murɗawa har batir ya daina amsawa.

Wani mai babur da ya biyo hanyar ya tafi Gaya nemo mota. Muka shimfiɗe Inna a gindin tsamiyar kan tabarmar dattijuwar nan, ina yi mata fifita, Baba yana durƙushe wajen ƙafafunta yana laƙƙana mata kalmar shahada, tana bi a hankali. Motar da aka nemo ta iso kafin la'asar, sai dai Toranke ta mayar da mu.

Bayan an share makoki makaniken ya zo ya duba, ya ce kan injin ya tsage, ba abin da zai yi. Ya ƙara da cewa da an bar ta ta huce, aka ɗaura ko igiya ce aka riƙa tafiya ana tsayawa, da ta iya kai mu. Kawuna ya galla masa harara, amma magana zarar bunu ce. Mutane suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, na yi imani da haka. Baba ma ya amsa musu da haka ne. Amma aka jawo motar aka aje a ƙofar gida, bai gyara ta ba, bai sayar ba, bai sake riƙe sitiyari ba. Ya koma gona. Tayoyi suka sace, kaji suka riƙa ƙwai a gidan gaba. Ni kuwa na ɓoye maganar Inna a cikina. Na sa a raina cewa hucin tururi ya rufe muryarta bai ji ba, na riƙa gode wa Allah da bai ji ba, don ban ga yadda mutum zai ɗauki wannan ya ci gaba da tafiya ba.

Bara na je gida da 'ya'yana lokacin kaka. Babu wutar lantarki, wayoyi sun mutu, yara suka dame ni. Na hura wuta a tsohon murhun Inna, na watsa ɓawon gyada, na tambaye su wa zai ba baƙuwa masauki. Wallahi ban zaɓi tatsuniyar ba, ita ta zo bakina. Baba yana can gefe kan tabarma, ya tsufa, carbi a hannu. Na rera waƙar, na karya kara. 'Yata ta tsakiya, wadda ta gado bakina, ta ce ita ba ta yarda ba, wataƙila yarinyar ba ta ji waƙar ba ne. Na buɗe baki zan ce haka ne, sai Baba ya ce daga inda yake, "Ta ji."

Da yara suka watse na matsa kusa da shi. Ya daɗe yana shafa tabon da ke dantsensa, sannan ya ce, "Uwata, na ji ta ranar. Na ji sarai. Na tsaya da bokiti a hannu, har na fara sauke shi. Sai na tuna sunana ta kira. Na ce macen da ta haife ni ba za ta kira sunana ba sai in tafiya za ta yi. Shi ne na juye."

Shekarun nan duka na ɗauka tatsuniyar tukunya gargaɗi ce ga masu gaggawa, a ce musu su yi haƙuri. A daren nan na gane Inna ba gargaɗi take yi ba, uzuri take nema wa yarinyar, tun kafin mu san wa zai buƙace shi. Zuciyata ta karye, na ji tausayin mahaifina irin wanda ban taɓa ji ba. Maganganu suka cika mini baki, in ce kwana ne ya ƙare, in ce ko an kai ta ba lallai ba ne, in ce ta yafe masa. Duk an gaya masa su tuntuni, ba su yi masa komai ba.

Na haɗiye su. Na ƙara ɓawon gyada a wuta, na zauna kusa da shi, na bar shi ya yi kukansa.