Harsashin da Sixten Ya Sassauta wa Majvor

Ku matso kusa, ku ja kujera, kofi bai huce ba tukuna. Yau labarin maƙwabcina Sixten zan ba ku, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a injin yanka katako na garinmu, can cikin dazuzzukan Värmland, amma ba da katako aka san shi ba. An san shi da ɗura harsashi.

Abin dariyar shi ne, Sixten bai iya harbi ba. A ƙungiyarmu ta masu harbin allo, in ya ɗaga bindiga har tsokanarsa ake yi a ce tsuntsayen daji su yi ta kansu. Matarsa Majvor ce gwanar. Tun tana budurwa take harbi da tsohuwar libarbar da ta gada wurin mahaifinta, kuma tun da suka yi aure ba ta taɓa sayen harsashi a kanti ba. Sixten ne yake tattara kwanson harsashin da ta harba, ya wanke, ya auna albarushi a ɗan sikelinsa, ya ɗura, ya toshe da dalma. Ita ta harba, shi ya tsaya a baya riƙe da butar kofi yana washe baki kamar shi ya ci gasar.

To, tsufa ya zo wa Majvor ta hannu. Sanyin ƙashi ya kama mata wuyan hannu, ga libarba kuwa in ta tashi sai ta yi shuri baya ta bugi hannu. Sixten ya lura cewa in sun dawo daga filin harbi ranar Asabar, da hannu biyu take ɗaukar kofi.

"Hannun ne?" in ji shi.

"Wane hannu? Kai dai tsohon nan, ka kula da gwiwarka da ke ƙara kamar ƙofar rumbu."

Ya san ta. Da ya ce bari ya sassauta mata harsashi, da ta ce ya mai da ita jaririya. Sai ya shiga ɗakin aikinsa bai gaya wa kowa ba, sai ni, don ni na riƙa kai shi fili a mota duk ranar da ta tafi wurin ƙanwarta da motarsu.

Dalma mara nauyi ya samo, don shurin ya ragu. Amma albarushin da ya saba da shi mai cin wuta a hankali ne, na dalma mai nauyi. Da ya gwada, sai ga baƙin hayaƙi da ɓurɓushin da bai ƙone ba, wani harbin da ƙarfi, wani kamar tari. Ya koma kan mai saurin ci. Shi kuma ɗan kaɗan ake zubawa, har ya ɓace a gindin kwanso, kuma in mutum ya yi mantuwa ya zuba sau biyu, bindiga na iya fashewa a hannun mai ita.

"Hannunta nake son in ceta, ba in cire mata shi ba," ya ce mini.

A ƙarshe ya zaɓi wani mai saurin ci amma mai auki, wanda yake cika kwanso yadda ido zai gani. Duk da haka sai ya jera su ya haska da tocila, ya leƙa kowanne kafin ya rufe. Bai kuma sauya mata gaba ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan ya riƙa rage nauyin dalmar.

Ciwo ya lafa. Majvor ta yi ta yabon sabon maganin da likita ya ba ta, Sixten yana gyaɗa kai.

Sai dai akwai abin da ya raina. Dalma mara nauyi tana fita kafin shuri ya gama ɗaga bakin bindiga, saboda haka ƙasa-ƙasa take sauka. Libarbar mahaifinta kuwa ta da ce, ba a murɗa saitinta. Majvor ta ga harbinta yana ta zamewa ƙasa da tsakiyar allo, mako bayan mako, ta ɗauka ita ce take sakin hannu.

Wata Asabar muna zaune a rumfar ƙungiya ana cin burodin kirfa, ta ajiye kofinta.

"Jama'a, na gama," ta ce. "Hannu ya daina ciwo, amma ya daina jin magana. Ba zan tsaya ana tausaya mini ba. Zan mayar da lasisi, bindigar kuma a sayar."

Na dubi Sixten, kunnuwansa sun yi ja.

"Majvor," ya ce. "Ba hannunki ba ne. Ni ne."

Ya zayyana mata komai a gaban mutane, da dalmar, da albarushin, da tocilar. Ta ƙura masa ido har na fara neman hanyar fita.

"Wato maganin likita da nake ta yabo, kai ne?"

"Ni ne."

"Munafukin tsoho. Ka bar ni ina zagin hannuna a banza."

"In kin ce a koma na da, gobe zan ɗura miki."

Ta jawo libarbar ta juya ta a cinya, tana shafa ɗan ƙarfen saitin da ke bakin bututun bindigar. Kowa a wurin ya san maganar: in ana so harbi ya hau sama, sai a goge ƙarfen nan ya rage tsawo. Abin da aka goge kuwa ba ya dawowa. Bindigar ba za ta sake dacewa da harsashi mai nauyi irin na mahaifinta ba.

"Akwai magogin ƙarfe a motarka?" ta tambaye shi.

"Akwai. Kawo in yi miki."

"Kai? Kauce. Bindigar babana ce, ni zan taɓa ta. Kai dai riƙe mini ita da kyau, kada ka yi rawar hannu."

Haka suka sunkuya a kan tebur, kai da kai, ita tana gogawa a hankali, shi yana hure garin ƙarfen. Ta tashi ta harba, ta dawo ta ƙara gogawa, har ramukan harbin suka hau tsakiyar allo.

Har yau suna zuwa fili. Mu kuma har yau muna gardama a rumfa, wasu na cewa ya kyauta, wasu na cewa ya kusa raba ta da abin da ta fi so. Ku fa, da ku ne Sixten, da kun gaya mata tun farko, ko da kun yi shiru kamar yadda ya yi?