Jirgin da na raɗa wa sunan kakata

Bari in fara da tona asirin kaina. Ni ne yaron da ya taɓa sa aka rubuta sunan kakarsa a jikin gwangwani, ya zaga Ƙofar Kuyambana da shi yana ihu. A boko ban wuce aji biyu ba, amma a wauta na sauke tun da wuri.

A unguwarmu kaf, gidan wani ma'aikacin gwamnati ne kaɗai ke da talabijin. Ran Lahadi bayan la'asar yakan buɗe mana taga, mu yi cincirindo muna kallon wasu mutane masu yawo cikin taurari. Turancinsu ba ma ji, sai kalma ɗaya, sunan babban jirginsu. Na kuma lura da wani abu. Ƙananan jiragen da ba su da suna kullum harbe su ake yi, mu tafa, babu mai tambayar wa ke ciki. Ran da wuta ta taɓa mai sunan nan kuwa, har ƙaton cikinmu sai da ya share hawaye. An taɓa canza direbansa ma, ko a jikinmu, jirgin dai ya koma gida lafiya.

Da aka girbe dawa na samo kara da gwangwanin madara uku, na haɗa nawa. Sati biyu ina fama, yatsuna duk yanka. Na rantse ba zan bar shi babu suna a harbe min shi ba. Na duba, ban ga abin da ba ya faɗuwa ba kamar kakata, uwar babana. Kowa Iya yake ce mata. Babana ko cikin magagi ba ya kama sunanta, ƙanwata da aka mayar wa sunan ma da laƙabi ake kiranta. Ni a bakin wata tsohuwa mai tallan daddawa na tsince shi, ƙawarta tun ƙuruciya. Wani abokina ɗan aji biyar ya rubuta min da jan fenti.

Na ɗaga jirgi sama na fita da gudu, yara na biye da ni, sunan Iya ya cika lungu. Babana na zaure yana ɗinkin hula. Da kunne ya shigo da ni cikin gida.

"Ka kankare shi, ko ya shiga murhu."

"A doke ni, Baba, amma ba zan kankare ba."

An kuwa doke ni. Ban kankare ba.

Ya ɗauki jirgin ya nufi murhun da innata ke tuƙa tuwo. Iya na kan tabarma tana kaɗi. Ta tsayar da mazari ta ce masa, "Ni ban iya karatun boko ba. Me aka rubuta a jiki?"

Babana ya buɗe baki ya rufe. Innata ta duƙufa kan tukunya. Ni da majina har leɓe na faɗa da ƙarfi.

Iya ta dubi ɗanta. "To, jefa ni mana."

Hannunsa na saman wuta, ya kasa saki. Ya ajiye jirgin a gabanta a hankali, ya koma zaure. Sharaɗi ɗaya aka kafa min, kada jirgin ya sake ƙetare soro. A ɗakinta ya zauna, kusa da jeren kwanoninta, har gara ta cinye karan.

Yanzu jikokina na kallon irin finafinan nan a waya. Sun haddace sunan kowane jirgi, suna musu a kai har da rantsuwa, kuma ba na hana su, don na san abin da suke ji. Sai dai da na tambaye su sunan kakar kakansu, kallon juna suka yi. Ni ma ga shi na tsufa, kunyar babana ta kama ni, na kasa rubuta nata a nan.

Ranar da aka yi abin, Iya ta jawo ni tana goge min fuska da bakin zanenta. Hankalina na kan jirgi, ban amsa mata ba, har yau kuma ban amsa ba.

"Maigidana," ta ce, "mai daddawa kaɗai ta rage tana kiran sunan nan. In ta tafi, kai za ka riƙa tashi da shi?"